Kashi 90 Cikin Ɗari Na Yara Nawa? Tambayar Da Ya Kamata Uwaye Su Yi Wa Makarantun Damagaram

Da zarar sakamakon jarabawar ƙarshen shekara ya fito, sai kunnuwan jama'ar Damagaram su cika da lissafi. Gidajen rediyo na karanta sanarwar makarantu, ana liƙa takardu a bakin ƙofa, wannan ta ce ɗalibanta kashi 85 cikin ɗari suka ci, waccan ta ce nata 90, wata ma ta ce babu ko ɗaya da ya faɗi. A kan wannan lissafi ne uwaye da dama ke yanke shawarar inda za su kai ƴaƴansu idan an koma karatu a watan Oktoba, kuma a kansa ne mai sayar da kayan miya a kasuwar Dole, ko mai tebur a Zango, ke kwashe kuɗin adashinta ta kai wa makarantar kuɗi.

Sai dai akwai tambaya guda da ba a cika yi wa masu wannan sanarwa ba, ita ce: kashi 90 cikin ɗari na yara nawa? Duk macen da ta taɓa sarin tumatir ta san halin kwando. Manya jajaye su ne a sama, ƙanana da waɗanda suka fara lalacewa suna ƙasa, shi ya sa ba ta biyan kuɗi sai ta sa hannu ta tona, ko kuwa ta ce a juye mata a tabarma. To sakamakon makaranta ma haka yake. Adadin da ake shelarsa saman kwando ne, domin ba ya faɗin yara nawa suka fara shekara a ajin, balle ya faɗi nawa daga cikinsu ba su ko leƙa ɗakin jarabawa ba.

Yadda ake yin lissafin

A Nijar ɗalibi na haɗuwa da manyan jarabawoyin gwamnati guda uku kafin ya kai jami'a. Ta farko ita ce CFEPD, wadda aka fi sani da sartifika, a ƙarshen aji shida na firamare wato CM2, su kuma ƴan makarantun Faransanci da Larabci suna yin takwararta mai suna CEPE/FA. Ta biyu ita ce BEPC bayan shekara huɗu a kwaleji, ta uku kuma BAC bayan shekara uku a lise. A kowace daga cikinsu, idan hukuma ta zo bayar da sakamako, adadi uku take kawowa: waɗanda aka ajiye wa takardu aka rubuta sunansu, waɗanda suka halarta ranar jarabawa, da waɗanda suka ci. Kason nasara kuwa ana fitar da shi ne daga waɗanda suka halarta.

Ke nan yaron da sunansa ke cikin rajistar aji tun Oktoba, amma ba a ajiye masa takardun jarabawa ba, babu shi a wannan lissafi sam. Ba ya cikin waɗanda suka ci, ba ya cikin waɗanda suka faɗi, kuma babu wanda za a tuhuma a kansa.

Mu ɗauki misali irin na lissafin kasuwa. A ce makarantu biyu ne a unguwa guda, kowace ta fara shekara da yara 60 a CM2. Ta farko ta zaɓi 30 da ta fi yarda da su ta gabatar, 27 suka ci, sai ta yi shelar kashi 90 cikin ɗari. Ta biyu ta gabatar da 57, aka samu 36 suka ci, nata kason ya tsaya a 63. Wanda ya ji a rediyo zai rantse ta farko ce gwana. Amma in aka koma kan yara 60 ɗin da aka fara da su, ta farko kashi 45 ta fitar, ta biyu kuwa kashi 60. Makarantar da aka raina ta fi wadda ake yabo da yara tara cur masu sartifika a hannu.

Jarabawar da ta tafi ta dawo

Wannan magana ta ƙara nauyi tun da sartifika ta dawo. An daina shirya ta bayan zaman 2013, inda aka koma amfani da makin jarabawoyin cikin shekara wajen wucewa da yara kwaleji. Shekara goma ana haka, malamai da uwaye na kukan cewa yara na isa kwaleji ba su iya karanta layi guda ba, har hukumomin da suka karɓi mulki a watan Yulin 2023 suka maido da ita, aka sake yin ta a 2024.

Kukan kuwa yana da tushe. Binciken PASEC, wanda ƙungiyar ministocin ilimi ta ƙasashe masu amfani da Faransanci, CONFEMEN, ke gudanarwa, ya gwada ƴan ajin ƙarshe na firamare a ƙasashe 10 a shekarar 2014, sai aka tarar a Nijar ko yaro ɗaya cikin goma bai cika ba wanda ya kai matakin da ake buƙata a karatu, haka ma a lissafi. A zagayen 2019 da aka yi a ƙasashe 14 an samu ci gaba, inda kusan uku cikin goma suka kai matakin a karatu, biyu da ɗan ɗori kuma a lissafi. Babu shakka akwai makarantun da ke aiki tsakani da Allah, waɗanda suka cancanci kason da suke faɗa. Amma a ƙasar da matakin karatu yake haka, duk wanda ya ji makarantu da yawa na kiran kashi 90 da 100, ya dace ya nemi a nuna masa ƙasan kwando.

Dawowar sartifika ta ba mu tiyar awo. Sai dai tiya ba ta faɗin gaskiyar buhu idan mai hatsi ne ke zaɓar wanda za a auna da wanda za a ture gefe.

Ina yaran ke maƙalewa?

Hanya ta farko ita ce tankaɗe da rairaya da wasu makarantu ke yi da kansu, ƙorafin da aka daɗe ana ji a nan da ma sauran ƙasashen yankinmu. Bayan jarabawar zangon farko, sai a kira uwa a ce mata: Hajiya, ɗanki bai nuna ba tukuna, a bar shi ya maimaita aji. Ko kuma, musamman a BEPC da BAC, a ce a rubuta shi a matsayin ɗan takara mai zaman kansa, wanda ba ya ƙarƙashin kowace makaranta, ta yadda in ya faɗi sunan makarantar bai ɓaci ba. Wani lokacin shawarar maimaita aji ta gaskiya ce, don amfanin yaron. Amma mu tuna, a makarantar kuɗi maimaita aji na nufin biyan kuɗin wata shekarar, ga shi kuma an cire mai rauni daga lissafi, riba biyu ke nan ga mai makaranta. Yadda za a gane bambancin shi ne, mai gaskiya zai nuna maka makin yaronka da wuri, ya faɗa maka abin da zai yi don ɗaga shi, ba zai jira sai ana gab da rufe karɓar takardu ba.

Hanya ta biyu ita ce takardar haihuwa, domin ba a haɗa takardun jarabawa sai da ita. Babban binciken lafiya da yawan jama'a na 2012 ya nuna kashi 64 cikin ɗari ne kawai na yaran Nijar ƴan ƙasa da shekara biyar aka yi wa rajistar haihuwa, kuma yaran wancan lokaci su ne suka taso kan layin BEPC da BAC. Dokar 2019 ta ba uwaye kwana 60 su sanar da haihuwa. Wanda ya wuce wa'adi sai ya bi ta wajen alƙali a yi masa takardar hukunci da ke maye gurbinta, ko kuwa ya jira ranar da alƙalai za su fita zaman ƙauyuka inda ake yi wa mutane da yawa a lokaci guda. Yaro na iya zama shi ne na ɗaya a ajinsa, rashin wannan ƴar takarda ya hana shi zama a teburin jarabawa.

Hanya ta uku ita ce tafiya, kuma a nan in ɓera da sata, daddawa ma da wari, domin mu uwaye muna da namu kason laifi. Ana gama girbi samari ke kama hanyar cin rani zuwa Daura da Kano, wasu da ƙannensu ƴan makaranta. A yankin Kance da Matamai an san yadda mata ke ɗaukar yara zuwa Aljeriya neman abin kai wa baka, kuma har yau ba a manta da watan Oktoban 2013 ba, lokacin da aka tsinci gawarwakin mutum 92 a hamada arewa da Arlit, akasarinsu mata da yara, da yawa daga wannan yanki. A Tanut, Belbeji da Tesker kuwa, idan ciyawa ta yi ƙaranci, makiyaya na tashi da iyalansu, aji ya koma rabi. Ga kuma talla da aure: binciken 2012 ɗin nan ya nuna kashi 76 cikin ɗari na matan Nijar masu shekara 20 zuwa 24 an yi musu aure kafin su cika 18. Saboda haka ne gwamnati ta fitar da doka a watan Disamban 2017 don kare karatun ƴa mace, da nufin riƙe ta a makaranta har shekara 16.

Hanya ta huɗu ita ce nisa. Ba a kowace makaranta ake yin jarabawa ba, ana tara makarantu da dama ne a cibiya guda. Yaron ƙauye na buƙatar kuɗin mota ko amalanke, da masauki, da abinci na ƴan kwanaki, a daidai lokacin da rumbu ya yi ƙasa kuma aikin gona ya kankama. Akwai wanda an ajiye masa takardu lafiya lau, amma ranar jarabawa teburinsa wayam.

Yadda wasu ƙasashe suka ɓullo wa abin

Ba mu kaɗai muka san wannan dabara ta ɓoye masu rauni ba. A Amurka, inda kowace jiha ke shirya jarabawarta, shugaba George Bush ƙarami ya sa hannu a watan Janairun 2002 kan wata doka da aka yi wa laƙabi da “kada a bar yaro ko ɗaya a baya”. Dokar ta wajabta gwada yara a karatu da lissafi kowace shekara daga aji uku zuwa aji takwas, da kuma sau ɗaya a babbar sakandare. Da yake masu dokar sun san halin mutane, sai suka gindaya sharaɗi: dole aƙalla kashi 95 cikin ɗari na ɗaliban makaranta su zauna jarabawar, kuma wannan kason ya cika a kowane rukuni, wato ƴaƴan talakawa, naƙasassu, da waɗanda Ingilishi ba harshen gidansu ba ne. Makarantar da ta kasa cika shi an ɗauke ta ta gaza, ko da waɗanda suka zauna sun yi ƙoƙari. An ware uzuri ga yaron da rashin lafiya mai tsanani ya hana shi zuwa.

A watan Disamban 2015 shugaba Barack Obama ya sa hannu kan dokar da ta maye gurbinta. An sassauta hukunci, aka bar wa jihohi su tsara nasu, amma ba a taɓa kashi 95 ɗin ba. Ma'ana, in makaranta ta gabatar da ƙasa da haka, za a yi mata lissafi kamar ta gabatar da 95, giɓin kuma a ɗauke shi tamkar yaran da suka faɗi. Da za a yi wa makarantar farko ta misalinmu irin wannan awo, 27 ɗinta za a raba ne a kan 57, kashi 90 ya koma 47.

Su ma can abin bai tafi sumul ba. A jihar New York a 2015, kusan yaro ɗaya cikin biyar bai zauna jarabawar ba saboda uwaye sun ƙi, suna cewa jarabawa ta yi yawa har ta cinye lokacin koyarwa. A birnin Atlanta kuma, a wannan shekarar, kotu ta samu malamai da jami'an ilimi 11 da laifi a shari'ar gyara amsoshin ɗalibai don ɗaga sakamako. Darasin a fili yake: idan aka ɗaura albashin malami da kujerar darakta a jikin lamba guda, wasu za su nemi lambar ta kowace hanya. A Kenya ma, a 2014, ma'aikatar ilimi ta hana jera makarantu daga ta ɗaya zuwa ta ƙarshe, kuma daga cikin dalilan da aka bayar har da yadda wasu ke tilasta wa masu rauni maimaita aji, ko su kai su wata cibiya a rubuta su.

A nan gida ma an taɓa gwada tilascin halartar jarabawa, sai dai a kan malamai aka yi. A watan Yulin 2017, lokacin ministan ilimin firamare Dauda Mamadu Marte, an kira malaman kwantaragi su zauna jarabawar gwajin iliminsu. Ƙungiyoyin malamai sun yi kiran a ƙaurace, gwamnati kuma ta soke kwantaragin waɗanda suka ƙi zuwa. An yi ta ja-in-ja a kan adalcin matakin, amma ya nuna hukuma ta san cewa awon da kowa ke da damar kauce masa ba ya faɗin komi. In an san haka a kan malamai, me zai hana a san shi a kan yaran da makaranta ta karɓi amanarsu?

A yi wa makarantar ƙauye adalci

Ba daidai ba ne a kwaso kashi 95 na Amurka a kife wa daraktan wata makaranta a ƙauyukan Dungas ko Magarya. Wanda ajinsa na zana ne, ba ya samun karan da zai yi rumfa sai an gama girbi, kuma ruwan farko na tashinsa. Ba shi ya aika yara Aljeriya ba, ba shi ke bayar da takardar haihuwa ba. In aka ce za a hukunta shi a kan kowane teburin da ya zama wayam, gobe zai ƙi rubuta ƴaƴan makiyaya da na masu cin rani tun daga aji ɗaya, an yi gudun gara an faɗa gidan zago.

Abin da ya fi dacewa da mu shi ne a ƙara adadi na huɗu a kan ukun da aka saba bayarwa, wato yawan yaran da ke cikin rajistar aji a farkon shekara, maza daban mata daban. Kowace makaranta, ta gwamnati ko ta kuɗi, ta rubuta huɗun nan a allo a bakin ƙofarta, kuma duk mai son a karanta masa sanarwa a rediyo ya kawo su a cike. Duk yaron da ya fita daga lissafi a rubuta dalili a gaban sunansa: ƙaura, ciwo, aure, rashin takarda, ko shawarar makaranta. Wannan ba ya buƙatar sabon gini ko tallafin waje, rajistar na hannun darakta, kuma ofishin masu duba makarantu na karɓar rahoton buɗe shekara da na rufewa. Da haka za a bambanta makarantar da ta ture yara da wadda yunwa ta kwashe mata su, ta farko a ja mata kunne, ta biyu a kai mata ɗauki.

Abin da ke hannun uwaye

Ba sai an jira doka daga Yamai ba. Makarantunmu na da kwamitin kula da makaranta, wanda aka sani da COGES, daga baya aka koma kiransa CGDES a firamare, ga kuma ƙungiyar uwayen ɗalibai da ƙungiyar uwaye mata ta AME. Shirin “makaranta don kowa” da ƙasar Japan ta tallafa, wanda ya fara a jihar Tawa a 2004 kafin ya iso Damagaram, shi ya yaɗa zaɓen ƴan kwamiti ta hanyar ƙuri'ar asiri da kiran babban taron gari. A wannan taro kowace uwa na da bakin magana, ko ta yi boko ko ba ta yi ba, kuma wadda ke riƙe lissafin bashin mutum talatin a kanta ba ta rasa gane adadi huɗu.

A watan Oktoba, ku tambayi yara nawa ne a ajin jarabawa, a faɗa a gaban kowa a rubuta. Tun a lokacin ku binciki takardar haihuwar ɗanku, in babu ku fara neman ta alƙali, kada ku bari sai an fara karɓar takardu. Idan lokacin ajiye takardu ya zo, ku nemi a karanta sunayen waɗanda aka gabatar, a kuma faɗi dalilin barin sauran. In aka ce ɗanku ya koma ɗan takara mai zaman kansa alhali kun biya kuɗin shekara, ku nemi a ba ku dalili a rubuce, ku kai wa ofishin masu duba makarantu na yankinku. Kafin ranar jarabawa kwamiti ya yi karo-karo don mota da abincin yaran da cibiya ta yi wa nisa, kuma ƴan kasuwar gari su sa hannu, domin tiya biyu ta shinkafa na iya tsare wa yarinya wahalar shekara shida.

Sannan mu ma mu gyara namu. Alhamis ranar cin kasuwar Damagaram ce, amma tiren talla na iya kwana ɗaya bai fita ba idan ranar ta faɗo kan jarabawa. Cinikin da aka rasa yau ana mayar da shi mako mai zuwa, jarabawar da ta wuce kuwa sai baɗi, in ma yarinyar na nan a makaranta baɗin.

Hausawa na cewa ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Makarantar da ta yarda da aikinta ba za ta ji nauyin faɗin yara nawa ta karɓa da nawa ta kai ɗakin jarabawa ba. Wadda kuwa ta fara kame-kame idan an tambaye ta, ta riga ta ba ku amsa, sai ku riƙe kuɗinku ku duba gaba. Allah ya raya mana zuri'a, ya ba su ilimi mai amfani, amin.